Reshen da Miko Ya Sare

Litinin, 6 ga Mayu, hantsi

Tsamiyar tana nan a kan teburinta na siminti, gefe guda fayau. Na zuba mata ruwa ban ko kalle ta ba.

Shekara talatin da ɗoriya mijina Pak Marlan yana renon bishiyar nan a kasko. Tsayinta bai wuce ƙuguna ba, amma duk mai harkar bonsai, wato renon ƙananan bishiyoyi a kasko, a garinmu Tulungagung ya san ta, har daga Malang ake zuwa a durƙusa a gabanta ana ɗaukar hoto. Abin da ake zuwa gani shi ne reshenta na farko, wanda ya miƙe dama sannan ya sunkuyo kamar hannun mai ba da sadaka. Ranar Asabar Jatmiko ya sa zarto ya sare shi.

Miko fa. Yaron da ya tashi a tsakar gidan nan yana wanke mana kasake, wanda na sha cika wa faranti da shinkafa da tempe, wainar waken soya, har sai ya ce, “Bude, cikina zai fashe.” Bude yake ce min, wato gwaggo, mijina kuma Pakde, wato baffa. Yanzu ya zama babban malami a intanet, yana koyar da bonsai a bidiyo, dubban mutane na binsa. Cewa ya yi zai zo ya nuna wa mabiyansa gidan malaminsa kai tsaye, ya ɗan rage ganye, shi ke nan. Ina tsaye da farantin soyayyar ayaba na ga ya sa hannu ƙarƙashin reshen, ya yi jim. Sai ya juyo ya yi wa kyamara murmushi ya ce, “Jama’a, wannan reshe tsohon yayi ne. Ni dai gaskiya ban taɓa son sa ba.” Kafin in ajiye farantin ya gama. Ya cusa reshen a buhu ya tafi da shi, ko shayinsa bai taɓa ba.

Pak yana zaune a kujerarsa lokacin. Har yau bai ce uffan ba.

Talata, 7 ga Mayu, bayan sallar asuba

Pak ya miƙo min salularsa ya ce, “Bu, karanta min abin da suke rubutawa ƙarƙashin bidiyon. Tabarau na ya ɓace.”

Tabarau yana aljihun rigarsa, ina ganin ƙafarsa ta leƙo. Na karɓa na karanta. Shekarun da na yi ina koyar da ’yan firamare ba su tafi a banza ba, murya ɗaya nake yi wa yabo da zagi.

Wani daga Semarang ya ce a wajen Miko ya koyi naɗa waya a reshe, amma daga yau ya daina kallonsa. Wani ya ce dama can mutumin nan baki ne kawai, bishiyoyin da yake nunawa duk saye yake yi. Wata mata ta ce babu wanda ya kai shi iya bayani, ita dai ladabinsa ne ba ta gani ba. Akwai masu kare shi, ’yan samari galibi, suna maimaita maganarsa ta kullum, wai kar ka ji tsoron zarto, wai nan da shekara biyar tsofaffi za su gane. Wani ya ba su amsa da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da na zo nan sai Pak ya yi tari ya ce in wuce.

Waɗanda suka yi muni ƙwarai na tsallake su. Ba don Miko ba, haushinsa nake ji har wuya. Bakina ne ba zai iya ɗaukarsu da sassafe ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan la’asar

Pak Diman da Koh Bing sun zo. Pak Diman tsohon direban bas ne, har yanzu da muryar tasha yake magana. Koh Bing mai shagon kayan gini, shi ne sakataren ƙungiyarsu ta masu bonsai. Suka tsaya a gaban tsamiyar kamar masu gaisuwar mutuwa.

“Innalillahi,” in ji Pak Diman. “Wannan ai ba gyara ba ne, yankan rago ne. Mas Marlan, kana zaune yaron nan ya yi maka haka a gidanka? Ni da ni ne, da zarton zan bi shi har bakin titi.”

Koh Bing ya ce, “Diman, da wace gwiwar? Kai da sai an ɗago ka daga tabarma.”

“Kai dai tafi can, mai siminti. Ba kai ne kullum kake turo mana bidiyonsa ba? Malam ya ce, Malam ya ce. To ga Malam ya yi.”

“Na turo, kuma na ƙaru da shi. Bishiyoyina uku da suka kusa mutuwa, da bayaninsa na ceto su. Shi ya sa abin ya ɗaure min kai. Miko ba mahaukaci ba ne.”

“Ba mahaukaci ba ne, ɗan neman suna ne. Ka san mutum nawa suka kalli abin nan? A kan bayan malaminsa ya hau.”

Abin da ya kawo su shi ne baje kolin ranar biyu ga Yuni a filin gari. Miko ne aka gayyata ya yi gyaran bishiya a kan dandamali, Pak kuma shi ne babban alƙalin gasa kamar kowace shekara, shi ke bin layi yana kafa ’yan tutoci a kasaken da suka ci. Pak Diman yana so ƙungiya ta zauna ta janye gayyatar, ta kuma sanar da sauran garuruwa kar kowa ya ƙara kiran Miko. Amma sai wanda aka yi wa laifi ya buɗe baki tukuna.

Ya buɗo hoton tsamiyar ya miƙa wa Pak salularsa ya ce, “Duba yadda take bara, duba.” Pak ya riƙe ya daɗe yana gyaɗa kai. Ni da nake tsaye a bayansa na ga fuskar salular ta riga ta mutu, baƙi wuluk. Na yi maza na karɓe na ce kofi zai huce. Na tura masa kofinsa har ya taɓa yatsunsa, yadda na saba.

Abin da ya ce musu kawai, “Bari mu gani.”

Lahadi, 12 ga Mayu, azahar

Miko bai kira ba. Ni ma ban kira ba.

Litinin, 13 ga Mayu, almuru

Mun je Kediri mun dawo. Maƙwabta mun ce musu suna muka je.

Likitar da muka je gani yarinya ce ƙarama, mai hankali. Ta haska, ta auna, ta sa shi ya faɗi yatsu nawa ta ɗaga. Da ta gama, ni ta fuskanta ta yi wa bayani, ba shi ba, kuma na ga hakan ya fi komai yi masa ciwo. Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Na bara ma ban rubuta ba.

A bas ya ce pecel ɗin Kediri, kwaɗon ganyen nan da gyaɗa, bai kai namu ba. Na ce haka ne.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan la’asar

Wannan kam sai na rubuta.

Na ga Ningrum, matar Miko, a kasuwa wajen masu kayan miya. Tana hango ni ta juya. Ni kuwa da na kwana goma ina tanadin maganar da zan gasa musu, na bi ta har gida da kwandona.

Gidan ya canja. Rabin teburan babu komai, masu kawo masa bishiyoyi reno sun zo sun kwashe kayansu. Kamfanin takin da ke ɗaukar nauyin bidiyonsa ya janye. A jikin katanga an rubuta “butulu” da jan fenti, an wanke amma bai fita ba. Miko ya fito ya kama hannuna ya kai goshinsa. Ya rame.

Na ce, “Le, me muka yi maka?” Haka muke kiransa tun yana yaro.

Ya ce, “Babu komai, Bude. Ra’ayina ne kawai. Na yi kuskure, a yafe min.”

Sai Ningrum ta ajiye kwandonta da ƙarfi. “Wallahi Mas, yau ko za ka sake ni sai na nuna mata. ’Yarmu ta dawo daga makaranta jiya tana kuka, wai ubanta maci amana ne. Kai waliyyi ne, mu ba waliyyai ba ne.” Ta shiga ɗaki ta fito da buhun, ta zazzage reshen a gabana, ta kifa shi.

A ƙarƙashinsa, daidai gindin, ɓawon ya kumbura ya yi zobe. Miko ya sa wuƙa ya ɗan ɓare, sai ga wayar tagulla a ciki, itace ya haɗiye ta. Wajen yankan kuwa tsakiyarsa baƙi ne, na sa farce ya shige kamar cikin dafaffen rogo.

Ya zauna a ƙasa ya yi min bayani yana kallon ƙafafunsa. Waya ce da Pak ya naɗa farkon damina don ya sunkuyar da reshen. Tsamiya tana saurin ƙiba da ruwa, dole a warware wayar kafin ta ci ɓawo. Pak ya warware ta sama, zagaye biyu na ƙasa suka tsere masa. Suka shaƙe reshen, ruɓa ta shiga, tana tafiya zuwa gangar jiki. Damina ɗaya nan gaba da bishiyar gaba ɗaya ta tafi.

“Bude, wannan kuskuren ɗan koyo ne. Shi ya koya min. Har rankwashi na sha a kan waya. Mutum mai ido ba zai wuce ta gaban bishiyar nan sau biyu bai gani ba.” Sannan ya ce, “Da na shigo ranar, ya amsa gaisuwata yana kallon mai riƙe min kyamara.”

Na ce to me ya hana shi kashe kyamarar? Ya ce kai tsaye ake kallo, kuma mutane sun fara rubuto masa ya juya kaskon su ga ƙasan reshen. Da ya juya, duk mai harkar nan daga nan har Bali zai gani, kuma tambaya ɗaya za a yi: yaya aka yi babban alƙali bai ga wannan a bishiyarsa ba? Abin da ya zo masa a ka ke nan, ya yi.

Ya roƙe ni kar in gaya wa kowa. Na yi masa alkawari ban san na yi ba. Na dawo gida na tarar ban sayo ko albasa ba.

Asabar, 18 ga Mayu, hantsi

Kwana biyu ina zagaye maganar. Yau na fito da shanya na sami Pak a gaban tsamiyar, yana shafa wajen yankan da babban yatsa, a hankali, yana bin gefensa.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Ya yanka daidai. Ya bi ta har inda ta tsaya.”

Na ajiye bokitin. Na ce, “Pak, tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar. Zarton ya shige da sauƙi. Itace mai lafiya ba haka yake kuka ba.”

Ashe duk safiyar da nake karanta masa ana tsine wa yaron nan, ya sani. Na ji wani abu ya taso min wanda ban taɓa ji game da mutumin nan ba, ko lokacin da ya sayar da babur ɗinmu ya sayo kututture. Na ce, “An rubuta masa butulu a katanga. ’Yarsa tana kuka a makaranta.”

“Zan yi magana.”

“Yaushe?”

“Bayan baje koli. Bari in yi alƙalancin nan, na ƙarshe ne. Daga nan sai in faɗa.”

“Ƙungiya Asabar mai zuwa za ta zauna, Pak.”

Ya ci gaba da shafa itacen. Na kwashi shanyata na tafi bayan gida na yi kukana a can.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan magariba

Na dafa, ya ci, na wanke.

Talata, 21 ga Mayu, bayan sallar asuba

Ya miƙo salula kamar kullum. Yau ban tsallake ko ɗaya ba.

Na karanta masa wanda ya ce tsintacciyar mage ba ta mage. Na karanta wanda ya tono mahaifin Miko, Allah ya jiƙansa, ya ce dama ɗan mai tura keken haya me ya sani na girmama manya. Na karanta wanda ya sa hoton gidansu ya ce ga inda yake, duk mai zarto ya san abin yi. Na karanta masu yabon Pak, wai dattijo mai haƙuri, an ci fuskarsa a gidansa ya yi shiru, irinsu sun ƙare. Waɗannan na fi ja a hankali.

Ya ce, “Ya isa, Bu.”

Na ce, “Da saura.” Na ci gaba har rana ta hau kan katanga.

Allah ya yafe min, ban ji daɗi ba, amma gobe ma zan yi.

Laraba, 22 ga Mayu, la’asar sakaliya

Ya kira ni ya ce in zauna. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Wai ana jera bishiyoyin gasa tun jajibiri. In muka je da yamma ba kowa, sai in riƙa bin layi da shi ina gaya masa abin da ke kowane kasko, yadda gangar take, yadda rassa suka zauna, inda aka ɓoye tabo. Shi zai riƙe a ka. Washegari ya bi layin da tutocinsa, ba wanda zai gane.

“Kin fi rabin alƙalan nan ido, Bu. Shekara nawa kina kallona.”

Wannan ne karo na farko da ya taɓa faɗin haka, kuma da a wata rana ce da na ji daɗi har raina. Na dube shi. Tsoho ne mai tsoro, ba mugu ba. Tun yana saurayi abu ɗaya aka san shi da shi a garin nan, idonsa. In an ɗauke wannan, shi a ganinsa saura wani tsoho a kujera da ake yi wa sannu.

Na ce, “Zan kai ka masallaci, zan kai ka Kediri, zan kai ka duk inda ka ce har ƙarshen raina. Wannan layin kam ba zan bi da kai ba.”

Ya sa hularsa ya tashi. Ya yi karo da gefen tebur, na miƙa hannu, ya ture.

Juma’a, 24 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Ningrum ta zo da ’yar robar tape, rogon nan da ake tsimawa, wai sallama. Ta durƙusa ta gaishe da Pak, sannan ta yi magana da ni da muryar da ta tabbata ya ji. Yayanta ya samo wa Miko aiki a gonar kwakwar manja a Kalimantan. Zai sayar da sauran bishiyoyin, ya rufe shafinsa. Farkon wata za su tafi.

“Ya ce hannunsa ya gaji da almakashi, Bude. Ƙarya yake. Jiya na same shi yana ba su ruwa yana yi musu magana.”

Da ta tafi Pak ya tambaye ni ko an guge masa rigar batik ɗinsa ta taro. Ban da wannan ba mu yi wata magana ba tun shekaranjiya.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan isha

An yi zaman a bayan shagon Koh Bing, tsakanin buhunan siminti. Na bi shi da sunan kai soyayyar ayaba. Mutane sun cika, har da matasan da ba sa zuwa. Miko bai zo ba.

Aka yi ta yi. Wani ya ce Miko ya mayar da harkar wasan yara, kowa ya kalli bidiyo biyu sai ya ɗauki zarto. Wani matashi ya ce, “Da ku tsofaffi kuna koya mana, da ba mu je wajensa ba. In an tambaye ku sai ku ce a yi ta kallo.” Aka yi masa caa. Koh Bing yana ta buga cokali a kofi. Pak Diman ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo yana zagaya wurin, ya ƙare da cewa, “Ga mai abin nan zaune. Mas Marlan, kalma ɗaya muke jira.”

Pak ya miƙe. Ya gyara rigarsa. Ya fuskanci wajen da Pak Diman yake tsaye da farko, inda yanzu babu kowa sai tarin bokitan fenti. Sannan ya ce, “Diman, sake magana in san ta inda kake.”

Pak Diman ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Shi kaɗai ya yi. Da ya ga fuskar Pak sai ya daina. Ya ce a hankali, “Ga ni nan, Mas.”

Pak ya juya wajen muryar. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce waya ya bari a reshen tun farkon damina don bai gan ta ba. Ya ce reshen ya ruɓe, yaron ya ceci bishiyar, ya kuma rufa masa asiri, shi kuwa ya zauna mako uku yana ji ana zaginsa. Ya ce bara ma da ƙyar ya yi alƙalanci, rabin abin da ya kafa wa tuta da hannu ya gane shi. Ya zaro ƙunshin tutocin daga aljihu ya miƙa cikin iska, Koh Bing ya yi sauri ya tara hannu.

Wani matashi yana ɗauka a salula, ban hana shi ba.

Da muka fito Pak ya dafa kafaɗata tun daga ƙofar shagon, a gaban kowa.

Litinin, 27 ga Mayu, hantsi

Miko ya zo jiya kamar zai ɓalle ƙofa. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, “Pakde, to don me na sha duk abin da na sha? Da ka bari kawai.”

Pak ya ce, “Zauna, Le. Kana tare min iska.”

Ya zauna a ƙasa ya kifa kai a gwiwar Pak. Na ba su wuri.

Da safen nan na yi karatu. Bidiyon zaman ya bazu, amma bai kai rabin na farko ba, zagi ya fi saurin tafiya. Wasu sun nemi gafarar Miko. Wasu sun ce dama su sun faɗa, alhali na tuna sunayensu da abin da suka faɗa. Mutumin Semarang ya ce ya dawo. Yawanci kuwa sun juyo kan Pak: to tutocin bara fa? Wanda ya ci, da gaske ya ci? Wanda ya faɗi, wa zai biya shi? Wani ya ce a ƙwace duka a sake. Bara bishiyar Pak Diman ce ta zo ta ɗaya.

Na so in tsallake. Ya ce, “Karanta duka. Suna da gaskiya.”

Kamfanin taki bai dawo ba. Ningrum ta ce an dai ɗage tafiya, ba a fasa ba tukuna.

Alhamis, 30 ga Mayu, la’asar

Pak Diman ya zo ya zauna da shi a baranda. Sun sha kofi. Ban taɓa jin mutumin nan ya yi shiru haka ba.

Lahadi, 2 ga Yuni, almuru

Ban so mu je ba, shi ya dage.

Filin ya cika, layi-layi na kasake a kan farin ƙyalle. Wani alƙali aka ɗauko daga Blitar. Mutane suna ta zuwa gaishe da Pak, suna ɗaga murya kamar kunnen ne ya samu matsala, suna faɗa masa sunayensu. Babu wanda ya ja shi gaban bishiyarsa ya ce, “Pak, ya ka gani?” Da can ba ma iya taku biyar ba a tare shi ba. Na samo masa kujera a gaba, ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Ƙungiya ta bar wa Miko dandamalinsa. Bishiyar da aka hau da ita ta Pak Diman ce, tsamiyar da ta ci bara. Shi ya kawo ta da kansa, ya ce a gyara masa, wannan ce ban-haƙurinsa. Yana tsaye a gefe ya harɗe hannuwa.

Miko ya yi ta aiki yana bayani a lasifika, muryarsa ta dawo. Can sai ya tsaya. Akwai wani ɗan siririn reshe a baya da ya tsallaka kan ɗan’uwansa, ko ni na ga ba wurinsa ba ne. Ya riƙe shi ya ce, “Wannan ba zan yanke hukunci ni kaɗai ba. Pakde, in cire ko in bari?”

Na ji jikin Pak ya motsa. Ya miƙe, na kai shi, Koh Bing ya taimaka masa a matakala. Ya sa hannu biyu a gindin bishiyar ya fara hawa da su a hankali, yana bin ganga, yana tsayawa, yana komawa. Fuskarsa ta koma irin wadda na sani.

Hannunsa ya wuce ta gefen siririn reshen bai taɓa shi ba. Ya sauka a kan wani, babba, na hagu, wanda ya ɗauki rabin kan bishiyar. Ya riƙe shi ya jijjiga kaɗan. Ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, “Wannan kake nufi? Ya yi nauyi. Cire.”

Miko ya dubi Pak Diman. Ni ma shi na duba, duk filin shi suke duba. Reshen nan ya fi shekara goma yana renonsa. Ya buɗe baki, na ce shi ke nan. Sai ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Miko ya ɗauki zarto. Ya daɗe yana yanka, itacen lafiyayye ne. Da reshen ya faɗi, Pak Diman ne ya fara tafi, sauran suka bi. A filin nan akwai mutum sama da ɗari da suka san abin da ya faru, har da masu salula a sama, kuma babu wanda ya ce komai. Ban san ko in gode musu ba ko in yi kuka. Tausayin Pak ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, shi kuwa yana tsaye yana murmushi.

A hanyar gida, hannunsa a kafaɗata, ya tambaye ni ko bishiyar Diman ta yi kyau yanzu.

Na ce ta yi.